Yadda Turawa ke farfasa sabuwar mota kafin iyali su shige ta

A Turai akwai ma'aikatan da sana'arsu ita ce su ɗauki mota sabuwa fil su maka ta da shinge da gangan. Hukumar da ke wannan aiki, Euro NCAP, ta fara fitar da sakamako a 1997.

Shekaru da dama ga yadda gwajin ya kasance. Ana zaunar da mutum-mutumi biyu masu na'urorin auna bugu a gaba, a ɗaure ƙanana biyu a kujerun yara a baya, ɗaya girman ɗan wata 18, ɗaya ɗan shekara 3. Sai a ja motar da gudun kilomita 64 a awa ta daki shingen ta ɓangaren direba, da kashi 40 cikin 100 na gabanta. Kada mai karatu ya raina wannan gudu, daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 16. Abin da ake so shi ne gaban motar ya lotse ya shanye bugun, wurin zaman mutane kuwa kar ya matse. Saboda haka hirar da ake yi a tasha, wai motar da ƙarfenta bai lanƙwasa ita ce mai kariya, ba ta da tushe. In ƙarfe bai shanye bugun ba, ƙirjin direba zai shanye shi.

Rover 100 ta samu tauraro ɗaya tak a 1997, ba a jima ba aka daina ƙera ta. Renault Laguna ce ta fara samun biyar a 2001. A 2020 an sake salo, shingen da motar duka suna tafiya su yi karo.

A 2017 an gwada motocin da ake sayarwa a Afirka ta Kudu. Toyota Etios ta samu taurari huɗu wajen kare manya, Chery QQ3 ko ɗaya.

Mu nan yawancin motocinmu tsofaffi ne da ke shigowa ta Kwatano da Lome, taurari kuwa na ranar da mota ta fito daga masana'anta ne. Tsatsa da gyaran tsohon hatsari suna rage su. Mai saye ya murɗa makulli ya duba fitilar jakar iska: ta kama, ta mutu bayan ƴan daƙiƙu. In ba ta kama ba, ko ta ƙi mutuwa, ya kai wa bakanike kafin ya biya. Kuma duk mutum-mutumin gwajin a ɗaure suke da bel, kowa da kujerarsa, ba a taɓa cusa tara cikin motar mutum biyar ba.