Inda jirgin ƙasa ke sauya wuta: darasin da ƴan kallon Turai ke da shi ga ƙasar Arewa

Manomin Sukukutane da ya loda buhunan farar albasa a babbar mota, idan ya fito Dogondutsi ya hau kwalta, hanya biyu ce a gabansa. In ya yi yamma, bayan wajen kilomita 140 zai tarar da layin dogo kwance a Doso, wanda aka shimfiɗo daga Yamai, amma babu jirgin da zai ɗauki albasarsa. In ya yi gabas, ya wuce Ƙonni ya isa Maraɗi, zai ji ana zancen wani layin da Najeriya ke ginowa daga Kano. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ko da yau aka haɗa waɗannan layuka biyu, jirgin wannan ba zai iya hawa dogon wancan ba.

Matsalar ba sabuwa ba ce a duniya. A Turai akwai tashoshin da suka yi suna saboda ita, har wasu mutane kan biya kuɗin tafiya su je su wuni a can domin kallo kawai.

Masu ciwon jirgi

Faransawa na kiran irin waɗannan mutane ferrovipathes, wato masu ciwon jirgin ƙasa. Za ka gan su tsaye a ƙarshen dandamalin tasha ko bisa gada, da littafi da alƙalami da na'urar ɗaukar hoto, suna rubuta lambar kowane kan jirgi da ya wuce. Abin ya bunƙasa a Ingila tun 1942, lokacin da wani matashin ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafin da ya jera lambobin kawunan jirage. Yara da manya suka riƙa saye suna jan layi a ƙarƙashin duk lambar da suka gani da idonsu.

A cikinsu akwai waɗanda ba kowace tasha ke burge su ba. Su wurin da suke nema shi ne inda wutar lantarki iri biyu ta haɗu: Modane da Ventimiglia tsakanin Faransa da Italiya, Chiasso tsakanin Suwizalan da Italiya, Bad Bentheim tsakanin Jamus da Holan, ko garin Dole a cikin Faransa kanta. A nan ne ake ganin kawunan jiragen ƙasashe biyu gefe da gefe, kuma a nan ne jirgi ke yin wani abin da ba ya yi a ko'ina.

Wutar batir da wutar Nigelec

Duk wanda ya ɗora faifan hasken rana bisa rufin ɗakinsa ya riga ya san asalin zancen. Wutar da faifan ke zubawa a batir hanya ɗaya take bi, ƙarfinta kuma sau da yawa bolt 12 ne. Wutar da Nigelec ke kawowa gida kuwa kai-da-kawo take yi, sau 50 a daƙiƙa guda, da ƙarfin bolt 220. Wanda ya jona kayan batir kai tsaye a wutar Nigelec, hayaƙi zai gani. Sai an sa wata na'ura a tsakani mai juya wannan ta koma waccan.

Haka jiragen ƙasa masu lantarki suke, sai dai ƙarfin wutarsu ya ninka sau ɗaruruwa. Jirgin yana shan wuta ne daga wayar da aka rataya bisa layi, ta wani hannun ƙarfe da ke kan rufinsa yana shafar wayar. A farkon ƙarni na 20 kowace ƙasa ta zaɓi tsarinta gwargwadon injunan da masana'antunta suka iya ƙerawa. Jamus ta tsaya kan wutar kai-da-kawo mai bolt 15,000, Ostiriya da Suwizalan da Suwidin da Norwe ma haka. A 1920 Faransa ta zaɓi wuta mai hanya ɗaya ta bolt 1,500, irin wadda Holan ma ke aiki da ita. Italiya da Beljiyam da Sipaniya da Polan suka ɗauki bolt 3,000 mai hanya ɗaya.

Daga baya, a shekarun 1950, injiniyoyin Faransa suka tabbatar cewa ana iya tafiyar da jirgi da wutar kai-da-kawo irin ta gari, mai bolt 25,000. Wannan tsari ya fi sauƙin kuɗi. Idan ƙarfin wuta ya yi yawa, kaɗan ke ɓacewa a hanya, waya siririya ta isa, kuma tashoshin da ke ba layin wuta suna iya nisan kilomita 40 zuwa 60 da juna, maimakon kilomita 10 zuwa 20 a tsohon tsarin. To amma an riga an rataya dubban kilomitoci na tsohuwar waya, kuma sauke ta kuɗi ne mai yawa. Shi ya sa har gobe Faransa ke da wuta iri biyu: yawancin kudu da kudu maso yamma bolt 1,500, arewa da gabas da layukan jirage masu tsananin gudu bolt 25,000.

Abin da ƴan kallon ke jira

Ba a barin wayoyin biyu su taɓa juna. A tsakaninsu ana barin ɗan yanki maras wuta. Tun kafin jirgi ya iso, alamun gefen layi suna gargaɗin direba. Sai ya kashe babban makunnin jirgin, ya sauke hannun ƙarfen, jirgin ya ci gaba da sulalewa da ƙarfin gudun da ya taho da shi. Bayan ya tsallake, direban ya zaɓi sabon tsarin, ya ɗaga hannun da ya dace, ya sake kunnawa. Duk abin bai fi ƴan daƙiƙoƙi ba. Fasinja mai lura zai ji ƙarar injin da ta na'urar sanyaya iska sun ɗauke, can kuma su dawo. Wannan sauka da hawan hannun ƙarfe shi ne hoton da mai ciwon jirgi kan yi awoyi yana jira. Jirgin da ya kuskura ya tsaya cak a wannan yanki kuwa, sau da yawa sai an turo wani ya jawo shi.

Wannan idan jirgin ya iya shan wuta iri biyu ke nan. Idan bai iya ba, sai a cire kan jirgin a sa wani. A Bad Bentheim, ana iya sauya irin wutar da ke cikin wayoyin tashar. Shekara da shekaru jirgin Amsterdam zuwa Berlin yana tsayawa a can, a kwance kan Holan, a sauya wutar, a ɗaura na Jamus. Sai a watan Disamba na 2023 aka daina, bayan an kawo kawunan jirage masu shan wutar ƙasashen biyu, tafiyar kuma ta ragu da wajen rabin awa. Akwai ma jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Paris da Brussels da Amsterdam da Cologne waɗanda aka ƙera su da iya shan wuta iri huɗu. Abin sha'awa ne ga ɗan kallo, amma ga mai biyan kuɗi ƙarin nauyi ne, ƙarin tsada da ƙarin kayan gyara.

A Afirka ma akwai

Ba sai an je Turai ba. Maroko ta fara sa wa layukanta wutar bolt 3,000 tun shekarun 1920. Da ta buɗe layin jirgi mai tsananin gudu, Al Boraq, a watan Nuwamba na 2018, sai ta sa masa bolt 25,000. Daga Tanja zuwa Kenitra jirgin yana kai gudun kilomita 320 a awa. Daga nan sai ya sauya wuta, ya hau tsohon layi, ya rage gudu zuwa Rabat da Kasablanka. Afirka ta Kudu tana da bolt 3,000 da 25,000, ga kuma layin da ke kai ƙarfen tama daga Sishen zuwa gaɓar teku a Saldanha mai bolt 50,000.

Sabbin layuka dai kusan duk sun tsaya kan bolt 25,000: na Addis Ababa zuwa Jibuti, da jirgin TER na Dakar da ya fara aiki a Disamban 2021, da kuma jirgin Haramaini tsakanin Makka da Madina, wanda wasu alhazan ƙasar nan suka hau.

Tamu matsalar tana ƙasa, ba bisa ba

A Nijar ba a kai ga zancen waya ba tukuna. Layin Yamai zuwa Doso ba shi da lantarki, manyan layukan Najeriya irin na Abuja zuwa Kaduna kuma da gazuwal jiragensu ke tafiya. Bambancin da ke jiran Nijar shi ne na faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da jirgi ke takawa. Wannan kuwa ya fi na wuta wuyar magani.

Faɗi uku ne suka kewaye ƙasar. Faransa ta bar wa Benin dogo mai faɗin mita ɗaya cif, daga Kwatano zuwa Paraku, kilomita 438. A shekarun 1930 layin ya isa Paraku, bai ƙara gaba ba, shi ya sa kayan Nijar suka daɗe ana sauke su a can ana lodawa a manyan motoci. Ingila ta bar wa Najeriya dogo mai faɗin milimita 1,067, wanda ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sabbin layukan Najeriya kuma faɗinsu milimita 1,435 ne, wanda mafi yawan duniya ke amfani da shi.

Layin Yamai zuwa Doso, mai tsawon kilomita 143, kamfanin Bolloré ya fara shi a watan Afrilu na 2014, aka ƙaddamar da shi a Janairun 2016. An yi shi da faɗin mita ɗaya domin ya dace da na Benin da na Abijan zuwa Wagadugu. Shari'ar da aka yi a kotunan Benin da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou ta tsayar da aikin, layin bai haɗu da Paraku ba, bai kuma taɓa shiga aikin jigilar yau da kullum ba. A ɗaya gefen, a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa da faɗin milimita 1,435.

Tsakanin dogon Doso da na Maraɗi bambancin santimita 43 da rabi ne, kusan kamu ɗaya. Wannan kamu ɗaya ya isa ya hana tarago wucewa. Tsakanin garuruwan biyu akwai sama da kilomita 500, kuma babbar hanyar da ta haɗa su ta Dogondutsi ta ratsa. Duk ranar da aka tashi haɗa su, dole a zaɓi ɗaya cikin uku: a tone ɗaya a sake shimfiɗa shi, ko a ƙara ƙarfe na uku domin jirage iri biyu su bi, ko a gina tashar da za a riƙa sauke kaya daga wannan jirgi ana lodawa a wancan. Ƴan kallo sun san irin wannan tasha: Hendaye da Irun, kan iyakar Faransa da Sipaniya, inda faɗin dogo da ƙarfin wuta duk suke sauyawa lokaci guda.

Ga buhun siminti, kwana biyu a tashar juye ba komai ba ne. Ga albasar Sukukutane da dankalin turawan Dogondutsi kuwa, kowace saukewa da lodawa rauni ce, kowane yini a rana asara ne. Kuɗin ƴan dako da na ruɓa kuma daga aljihun manomi suke fita, domin ɗan kasuwa zai cire su daga farashin da yake saye.

Wa ke riƙe da makunni?

Ko da an daidaita faɗin dogo, ranar da aka yi tunanin sa masa lantarki wata tambaya za ta taso: ina wutar za ta fito? Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, babban layinta kuma ta Birnin Kebbi da Doso yake bi zuwa Yamai. A farkon Agustan wannan shekara aka yanke ta saboda takunkumin CEDEAO, birane suka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Gida yana iya kunna fitilar batir ya jira. Jirgin da wutarsa ta ɗauke a tsakiyar daji, da fasinja da kaya, ba shi da wannan zaɓi. Saboda haka zancen jirgin lantarki a Nijar ba ya rabuwa da na madatsar Kandaji, wadda aka tsara ta ba da megawat 130, da tashoshin hasken rana irin ta Gorou Banda mai megawat 30.

Turai ta wayi gari da wuta iri huɗu ne saboda kowace ƙasa ta yanke shawararta ita kaɗai, kuma bayan shekara ɗari tana ci gaba da biyan kuɗin. Nijar kilomita 143 kawai ta shimfiɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk sa'ad da aka sake sa hannu kan wata yarjejeniyar layin dogo, kafin a tambayi ranar zuwan jirgi, akwai tambayoyi uku da ƴan majalisa da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin manoman Arewa ya kamata su fara yi: nawa ne faɗinsa, da wane layi zai haɗu, kuma a wane gari za a sauke kaya idan bai dace ba.