Shekarar da ƙungiyar Hakeem Olajuwon ta fi kowa, amma kofi ya suɓuce

A shirin wasanni na wannan mako mun ajiye ƙwallon ƙafa, mun leƙa ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, kakar 1982 zuwa 1983. Dalili kuwa, akwai ɗan Najeriya a tsakiyar labarin, wato Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya tafi Jami'ar Houston da ke jihar Texas.

Bari mu fara da yadda ake wasan, don wanda bai taɓa gani ba. Mutum biyar-biyar ne a fili, kowane ɓangare na neman jefa ƙwallo cikin kwandon da ke rataye sama da mita 3. A jami'a minti 40 ake yi, 20 kafin hutu, 20 bayansa. In aka yi maka ƙeta, a kan ba ka jifa ta kyauta, ka tsaya kan layi ba mai tare ka, kowace jifa maki ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A waccan kaka Houston ba ta da na biyu. Kocinsu Guy Lewis ya tara dogayen samari masu gudu da tsalle, irin su Olajuwon da Clyde Drexler. Sun ci wasa 26 a jere har suka kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa, wadda sili ɗaya ƙwale ce: ka faɗi sau ɗaya, ka tattara kayanka.

Abokan karawarsu su ne North Carolina State, ƙarƙashin koci Jim Valvano, waɗanda aka riga aka doke sau 10 a kakar. Kowa ya ɗauka an gama. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ranar 4 ga Afrilu, 1983, aka haɗu a Albuquerque, garin da ke kan tudu sosai, inda numfashi ke saurin ƙarewa. Tun kafin hutu Drexler ya yi ƙeta huɗu, alhali ta biyar ke fitar da mutum, kuma Houston na baya da 33 da 25. Da aka dawo suka farfaɗo, suka wuce gaba da 42 da 35. To, a nan ne koci ya ce a rage gudu, a riƙe ƙwallo, a ci lokaci. Ƙungiyar da gudu ne ƙarfinta ta koma tafiyar hawainiya.

Shi kuwa Valvano ya san inda bangon ya tsage: 'yan Houston ba su da hannu a jifar kyauta. Sai ya sa yaransa su riƙa yi musu ƙeta da gangan. Cikin jifa 19 a daren, 10 kawai suka shiga. Aka zo 52 da 52. Ana saura daƙiƙoƙi, Dereck Whittenburg ya jefa daga nesa, ƙwallo ta gaza kai wa, Lorenzo Charles ya cafe ta a iska ya zura. Aka tashi 54 da 52.

Olajuwon ya ci maki 20 a wasan, aka ba shi kyautar gwarzon gasar duk da an doke su. Kofin jami'a dai bai taɓa ɗaga shi ba, sai na ƙwararru a 1994 da 1995 tare da Houston Rockets.

Kai mai kiwo ka san garke komai yawansa, ta wajen gurguwar saniya kura ke shiga. Kai ma ɗan kasuwa, abokin cinikinka ya san inda lissafinka ke rawa. Gyara wurin tun kafin ranar kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.