Targaɗe: Sanyi Ne Farko, Gashi Daga Baya

Duk wanda ya san yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 aiki ba ya yankewa a wannan ƙasa, rani da damina. Inda kuwa aiki ya yawaita, ba a rasa mai gurɗe ƙafa a bakin kwalbati, ko ɗan acaɓar da ya zame da buhun shinkafa ranar kasuwar Talata. Abin da ya dame ni shi ne abin da ake yi wa mutum a sa'ar farko bayan ya ji ciwon. Kafin ya gama salati an ɗora ruwa a wuta, an samo tsumma, an shiga gasa masa wurin.

A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin tushen wannan ɗabi'a yana cikin bakinmu. A Hausa, kalmar "sanyi" sunan cuta ce. Muna cewa sanyi ya kama wane, ko sanyin ƙashi, ko ciwon sanyi. "Gashi" kuwa kalmar jinya ce, tun daga wankan jego har zuwa hannun mai ɗori. To, wanda ya tashi da wannan fahimta, yaya za a yi ka ce ya ɗora ƙanƙara a kan ciwo bai ɗauke ka mahaukaci ba?

Amma jiki bai san karin magana ba. Idan aka yi targaɗe, ƙananan hanyoyin jini ne ke fashewa a ciki, shi ya sa wurin ke kumbura. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, saboda haka gashi a ranar farko ƙara kumburin yake yi. Sanyi kuwa yana tsuke su, ya kuma rage raɗaɗi. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke koyarwa ita ce a naɗe abin sanyin a cikin tsumma, a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan sa'a 2 ko 3, har tsawon kwana 2 zuwa 3, ana ɗage ƙafar sama. Sai kumburi ya sauka sannan gashi zai yi amfani, shi ma da ɗumi, ba da tafasasshen ruwa ba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda ya yayata wannan tsari a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara na iya jinkirta warkewa. Ke nan sanyi na rage ciwo ne, ba shi ke haɗa jijiya ba.

Yanzu ana sayar da wata 'yar jaka mai ruwa-ruwa a ciki, wadda ake daskarar da ita a firji ko a ɗumama ta a ruwan zafi, a yi ta amfani da ita. Tana da kyau, muddin ba a ɗora ta kai tsaye a kan fata ba, ba a kuma yi barci da ita ba. Idan ta fashe a yar da ita nesa da yara, domin launinta na ruɗarsu su lasa. Inda babu wutar lantarki, kuma mun san halin da ƙauyukanmu ke ciki, ruwan leda mai ƙanƙara ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ya wadatar.

Akwai waɗanda wannan shawara ba ta shafa ba. Mai ciwon sikila kada a kusance shi da ƙanƙara, domin sanyi na tayar masa da ciwon. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji yana iya ƙonewa bai sani ba. Ƙuna kuwa ruwan sanyi ake kwarara mata na minti 20, ban da ƙanƙara. Wanda ya kasa taka ƙafar gaba ɗaya, ko gaɓar ta karkace, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin kafin kowa ya murza ta.