Darajar Motocin Ƙarfi na Amurka da Hikimar Adana Kayansu na Asali

A shekarar 1964, sa'ad da fetur yake da araha a Amurka, kamfanin Pontiac ya ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas ya ɗora wa wata mota matsakaiciya, ya raɗa mata suna GTO, kuma daga gare ta ne galibin masana suke ƙirga mafarin motocin ƙarfi. Zamaninsu bai yi nisa ba, domin tsadar inshora, da dokokin rage hayaƙi, da ƙarancin man da ya auku a 1973, duk sun taru sun karya kasuwarsu. Samarin da suka saye su kuwa ba su ɗauke su abin ajiya ba. Sun yi tsere da su, sun ƙona injuna sun sake waɗansu, har ya zamana wadda ta tsira da kayanta cif ta zama abin nema ruwa a jallo. Shi ya sa a 2014 aka sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971, mai buɗaɗɗen rufi, a gwanjon Mecum da ke Siyatil, a kan dala miliyan 3.5.

Abin da masu saye suke biya wa wannan maƙudan kuɗi shi ne hujja. Kamar yadda malamai ba sa karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, haka mai tara motoci yakan sunkuya da tocila a hannu, ya goge maiƙon da ke jikin inji, ya karanta lambar da aka buga a ma'aikata, sa'an nan ya gwada ta da lambar shasi; in sun dace, mota ta inganta, in kuwa sun saɓa, farashi ya faɗi, komai ƙyallin fentinta. Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 ta kai dala miliyan 3.74 a 2020, alhali ga tsatsa a jikinta, fentin kuma ya koɗe.

Da kamfanoni suka farfaɗo da wannan ƙira, watau Dodge Challenger a 2008, Chevrolet Camaro kuma bayanta kaɗan, sai tambaya ta taso ko na zamani za su gaji darajar magabatansu. Akwai dalilin zaton haka, musamman ga waɗanda aka taƙaita adadinsu, irin su Challenger Demon ta 2018 mai ƙarfin doki 840, wadda 3,300 kacal aka ƙaddara ƙerawa. Da kujerar direba kaɗai take zuwa, sai wanda ya so ya ƙara dala ɗaya a sa masa ta fasinja, ya kuma ƙara wata dalar a ba shi akwati mai ɗauke da sunansa da lambar motarsa, cike da kayan aiki, da siraran wilin gaba na tsere, da wata kwamfutar inji. Bugu da ƙari, a Disamban 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro.

Amma wajibi ne a faɗi gaskiya: na dā sun yi tsada ne saboda ba wanda ya adana su, na yanzu kuwa jama'a da yawa sun kulle nasu a gareji tun ranar saye, suna jiran riba. Abin da kowa ya ɓoye ba ya ƙaranci da wuri, don haka ba kowace ce za ta yi daraja ba, kuma a ranar da za a tantance, cikar kaya da sahihancin takardu ne za su raba gardama.

Saboda haka nasihata ga mai irin wannan mota ita ce ya hau abarsa ya more ta, domin ajiya mai tsawo ma tana busar da robobi, tana lalata mai. In ya so sake salansa, ko wili, ko ya ƙara wa inji ƙarfi, to ya zaɓi gyaran da za a iya warwarewa, ya guji yanka da walda, ya tattara duk abin da bakanike ya kwance, ya rubuta wa kowanne suna da kwanan wata, ya ajiye inda laima ba ta kaiwa, tare da rasit da takardar farashin da aka liƙa a gilashi. Sabon kaya yana nan a kanti ga duk mai kuɗi, amma injin da ke ɗauke da lambar motarsa guda ɗaya ne tak aka yi, kuma in ya salwanta ba shi da madadi.