Mota Tana "Mis"? A Gwada Koyil Kafin a Saya

Ka ɗauko fasinja daga Gaya za ka Wudil, ko ka fito daga Ajingi da kaya, sai injin ya fara karkarwa, ka taka totur mota ta ƙi ja. Bakanike zai ce "tana mis", wato ɗaya daga cikin silindojin injin ba ta ƙona mai daidai. Sau da yawa koyil ake fara zargi, amma zargi ba hujja ba ne.

Mene ne koyil?

Batirin mota bolt 12 kawai yake bayarwa, bolt kuwa ma'aunin ƙarfin lantarki ne. Koyil ke ɗaga wannan ƙarfi ya haura bolt 20,000, don fulogi ya yi tartsatsin da zai kunna fetur. Golf 3 koyil ɗaya gare ta, distiributa ke raba wutar. Corolla ta 2003 zuwa sama kuwa kowane fulogi da nasa koyil. Injin dizal ba shi da koyil sam.

Yaya ake gwada shi?

Hanya ta farko ita ce jona kwamfutar bincike. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 duk suna da wurin jona ta. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya ke mis, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe.

Ta biyu ita ce musanya. A kashe mota, a ciro koyil ɗin da ake zargi, a musanya shi da na silindar da ke kusa. In matsalar ta bi shi, shi ne ya lalace. In ta tsaya inda take, a duba fulogi, injekta ko waya.

Ta uku ita ce awo da mita, irin ta masu wayarin mota. Tana auna yadda wayar cikin koyil ke barin wuta ta wuce, sai a kwatanta da adadin da kamfanin motar ya ƙayyade. Amma ka sani, wani koyil yakan nuna lafiya da sanyi, sai ya yi zafi ya gaza.

Kada ka taɓa koyil ko wayar fulogi injin na aiki. Wutar tana fizga sosai.

Me ke kashe shi?

Zafin injin, musamman a bazara. Baƙin mai da ke zuba cikin ramin fulogi. Ruwan wankin injin. Sai tsohon fulogi, wanda ke sa koyil aikin da ya fi ƙarfinsa.

Me zai ci maka?

Za ka iya cewa, "Ai motar tana tafiya, bari in lallaɓa." Silindar da ba ta ƙonawa fetur take zubarwa a banza, kuma ka san yadda tsadarsa take tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ɗanyen man yana gangarawa salansa ya lalata matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira "indomi", kuɗinta kuwa ya ninka na koyil.

In gwaji ya tabbatar, tafi da tsohon koyil ɗin zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a duba lambarsa a ba ka irinsa. In na hannu ne, ku yi sharaɗin za ka mayar in bai yi ba. Kada ka yarda a canja maka koyil huɗu alhali ɗaya ne ya mutu. Nemi a gwada a gabanka tukuna, sannan ka fitar da kuɗi.