Kulob ɗin Ikoyi: filin da Nasara suka killace a bakin ruwan Ikko

Duk ɗan kasuwar Damagaram ko Damargu da ya taɓa sauka Ikko, wato Legas, neman kaya, ya san unguwar Obalende, inda Hausawa ke zaune tun zamanin da Ingilishi suka ɗauke su aikin soja. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, ƴar tafiya kaɗan daga hayaniyar tashar motocin nan akwai wani makeken fili mai itatuwa da ciyawa, wanda ya haura hekta 180, inda manyan gari ke buga ƙwallon lambu, wasan da Nasara ke kira golf. Sunan wurin Ikoyi Club 1938.

Shi wannan wasa asalinsa ƙasar Sikotilan ne, a kan tuddan rairayi na bakin teku da ba su da amfanin noma. Ɗan wasa yana bin ramuka 18 yana dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Ingilishi kuwa ba su sauka wata ƙasa ba face sun nemi wurin yin sa. Da suka keɓe Ikoyi ta zama unguwar ma'aikatansu, ruwa na kewaye da ita, sai suka ware fili domin wasan. A shekarar 1938 aka haɗe kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golf na Legas suka zama ɗaya, shi ya sa shekarar ta manne da sunan har yau.

A wancan zamani baƙar fata ba ya shiga wurin sai in bara ne, ko mai gadi, ko yaron da ke ɗaukar jakar sanduna yana bin maigida rami zuwa rami. Wannan wulaƙanci na cikin dalilan da suka sa manyan ƴan ƙasa suka kafa nasu Island Club a 1943. A 1947 kuma al'amari ya kai maƙura, lokacin da otal ɗin Bristol ya hana ɗaki ga Ivor Cummings, wani baƙar fata ma'aikacin ofishin mulkin mallaka na Landan. Gari ya ɗauki zafi, har Gwamna Arthur Richards ya haramta nuna bambancin launi a wuraren jama'a. Ƙofar kulob dai ba ta buɗe a rana ɗaya ba, amma da aka samu mulkin kai a 1960, manyan ma'aikatan gwamnati da alƙalai da hafsoshin soja da attajirai suka gaji kujerun da Nasara suka bari. Barikin Dodan, inda shugabannin soja suka riƙa mulkin Nijeriya, yana nan kusa da filin, har zuwa 1991 da aka mai da babban birni Abuja.

Sunan filin ya fita duniya ne saboda gasar Nigerian Open da aka fara a 1969. A lokacin hunturun Turai, ƙwararrun ƴan wasa kan zo Afirka neman kuɗin kyauta, kuma a Ikoyi sukan iske abin da ba su saba da shi ba: maimakon lallausar ciyawa a kewayen rami, rairayi ne aka cuɗa da mai, ana share shi bayan kowane bugu. A kan wannan rairayi Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya lashe babbar gasar Birtaniya a 1985. A 1981 Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255 kacal, abin da ya zama tarihi a lokacin. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya ci gasar a 1988 da 1989, kuma a 2004 ya zama na ɗaya a duniya.

Dabarar rairayi da mai ba baƙuwa ba ce a ƙasashen da ruwa ke da tsada. A Nijar ma, a filin Rio Bravo da aka kafa a bakin kogin Kwara kusa da Yamai, da ita aka yi aiki, har ɗan wasa kan riƙe ɗan tabarmarsa na ciyawar roba ya ɗora ƙwallo a kai kafin ya buga.

Sai dai darajar irin waɗannan wurare ba a wasan kawai take ba. Tafiyar ramuka 18 takan ci awa huɗu, kuma a cikin awa huɗun nan mai banki da ɗan kwangila da babban ma'aikaci suna tafe kafaɗa da kafaɗa, babu sakatare a tsakaninsu, babu layi a bakin ofis. Maganar da ɗan kasuwa zai yi wata guda yana neman wanda zai saurara, a nan kan ƙare kafin la'asar. A Ikoyi, shingen launin fata ya faɗi tun tuni, amma wanda ya maye gurbinsa ba shi da sauƙin tsallakewa: sai mambobi sun gabatar da mutum, sun tsaya masa, sa'an nan ya biya kuɗi masu nauyi. Mai sayar da albasa a Obalende, wanda kakanninsa suka riga kulob ɗin zama a wurin, har yanzu ta bayan katanga yake hango koren filin.