Maɗinkin Tufafin Tarihi da Buƙatarsa ga Bincike: Darasi daga Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Duk lokacin da makaranta ta shirya wasan kwaikwayo a kan zamanin jihadi, ko aka tashi shirya fim ko bikin tunawa da kafuwar Daular Usmaniyya irin wanda aka yi a shekarar 2004, akan koma ga maɗinki domin ya samar da tufafin mutanen wancan zamani. Sau da yawa sai a ga an sanya wa almajirin Shehu shadda mai sheƙi da aikin keke. Yaron da ya kalli wannan zai tashi da hoton a zuciyarsa, kuma gyara abin da ido ya gani ya fi gyara abin da kunne ya ji wuya. Saboda haka ya wajaba maɗinkin tufafin tarihi ya koyi dabarun bincike irin waɗanda ake koya wa ɗaliban digiri na biyu da na uku a jami'o'i.

Tantance Lokaci da Wuri

Matakin farko shi ne tambayar wace shekara ce, kuma a wane gari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yanzu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da shi. A kudu da nan kuma akwai garin Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma hular da ta ɗauki sunansa ta yi tashe a wancan lokaci. Garuruwan biyu maƙwabta ne, amma tsakanin zaman Sifawa da tashen hular Shagari akwai shekara fiye da 160. Wanda ya ɗora wannan hula a kan mutumin Sifawa ya haɗa zamani biyu da ba su taɓa haɗuwa ba.

Rubutattun Madogara

Mataki na biyu shi ne karatu. Littafin Shehu, Ihya'us Sunna, yana da babi a kan tufafi. Tarihi ya kuma tabbatar da cewa Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, wanda ke nuna cewa waɗannan biyu su ne alamar Jama'a. Daga ɓangaren baƙi, Kyaftin Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta cewa ya same shi da rigar auduga shuɗiya da farin rawani mai amawali. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yi bayanin cinikin turkuɗi da rigunan rini. Sai dai mai bincike ya riƙa lura: littafin malami yakan faɗi abin da ya kamata a sa, matafiyi kuwa yakan faɗi abin da ya gani a fada, ba a gidan talaka ba.

Duba Tufar Kanta

Mataki na uku shi ne duba tsohuwar riga da ido da hannu. Rigunan ƙarni na 19 an haɗa su ne da ƙyallaye marasa faɗi na saƙar hannu, kamar saƙi, aka yi musu aikin allura irin su aska biyu da aska takwas da zaren tsamiya. Alharini kuwa ta hamada ake kawo shi daga Tarabulus. Launi ma shaida ne: ba a samu rinin masana'anta a Turai ba sai 1856, shuni na masana'anta kuma ya shiga kasuwa a 1897. Kafin nan baba da karofi su ne abin dogaro. A wannan fanni David Heathcote ya rubuta kundin digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1979, kan aikin rigunan Hausawa, Colleen Kriger kuma ta yi nazarin rigunan Daular Sakkwato.

Hira da Dattawa

Mataki na huɗu shi ne zama da tsofaffin masaƙa da marina da maɗinka da mata masu kaɗi. A rubuta sunan mai bayani da shekarunsa da ranar hira, a tambaye shi ko da idonsa ya gani ko ji ya yi. Kada a riƙe magana sai an gwada ta da littafi ko da tufa. Idan an samu tsohuwar riga a adaka, a auna ta, a ɗauki hotonta, a bar wa masu ita kayansu.

Kammalawa

Malaman makarantu za su iya kai maɗinkansu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ko sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Arewa House a Kaduna, kafin a yanka yadi. Dattawan da suka san sunayen saƙa da ɗinki kuwa kullum raguwa suke yi, kuma abin da ba a rubuta daga bakinsu ba yakan tafi tare da su.